Takalman Marigayi a Ƙofar Ɗaki Na Sha Huɗu

Anti Barira, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina fara ta ina gogewa. Saura mako biyar a ba da dogon hutu a makarantar 'yata Murjanatu, kuma ƙanin mijina, Labaran, ya rantse ranar da aka ba da hutun zai je gidan mahaifiyata a Kano ya ɗauke ta. Hujjarsa wani shirin talabijin ne da aka nuna ƙofar ɗakina a cikinsa, na ɗan lokacin da bai kai a karanta Fatiha ba. Ban ɓoye sunayen kowa ba, don ban ga abin da ya rage a ɓoye ba.

Ina zaune a Dubai, ina aiki a wani ofishin kago a Deira. Ni nake auna kayan 'yan kasuwarmu, in rubuta sunayensu a jikin buhuna, in yi musu tafinta idan Larabci ya ƙare musu. Mijina Ɗalhatu (ban taɓa kiran sunan nan a gabansa ba, yau ga shi ina rubuta wa duniya) yana aiki ne a wani sito na kayan gyaran mota a Ras Al Khor. Ya rasu a 2017, ciwon kwana biyu. A nan aka yi masa sutura. Mahaifiyarsa, Hajiya Turai, ba ta ga gawarsa ba, ba ta ga kabarinsa ba. A waya aka gaya mata.

Da na fita takaba na kai Murjanatu wajen mahaifiyata, na dawo bakin aiki. Gidan da muke ciki ya fi ƙarfina ni kaɗai, sai aka sa sunana a layin masu neman ɗaki a wani tsohon bene da ke bayan shagunan kayan yaji na Al Ras. Wani attajiri ne ya bar shi waƙafi, a riƙa ba masu ƙaramin albashi ɗakuna da rangwame. Hausawanmu na nan suna kiransa Gidan Sadaka, kuma ba yabo suke nufi ba. Zan faɗa miki gaskiya, Anti, ni ma da can ba na ganin irin gidajen nan da gashi. Na tashi ina kallon wasannin talabijin da in aka haska ƙofar mace mai zaman ɗaki ɗaya a gidan yawa, to, an gama faɗa maka ko ita wace ce. Na sha yin dariya ina cewa Allah ya raba mu. Ranar da aka miƙa mini makullin ɗaki na sha huɗu na shiga na rufe na yi kuka don kunya.

Sai na tarar ba abin kunyar. Akwai malamar makaranta 'yar Sudan, da direbobin bas, da masu goge-goge a asibiti. Barandar kullum ƙamshin kanumfari da citta take yi saboda shagunan ƙasa. Kowa takalminsa a bakin ƙofarsa yake kwana, ba a taɓa ɗauke na wani ba.

Memuna, wata 'yar Zangon Kumasi mai aiki a otal, ita ta fara shigowa yi mini sannu da zuwa. Ta ce mace mai zaman kanta ita kaɗai a garin nan takalmin namiji take ajiyewa a ƙofa, khalas, shi ke nan, ba mai ƙwanƙwasa mata. Wasu sayowa suke yi a kasuwa. Ni kuwa ina da na gaske a ƙasan akwati. Sau-ciki ne na fata ruwan ƙasa, manya, waɗanda Hajiya Turai ta sa wani baduku ya ɗinka masa a Kano kafin ya taho. Dunduniyar na hagu ta cinye ta gefe ɗaya, domin yana ɗan jan ƙafar tun yana yaro. Na fito da su na ajiye, kawunansu suna kallon ƙofa, kamar ya cire ya shiga.

Washegari Iya Wasila, tsohuwa 'yar Damagaram mai tuwon sayarwa da ɗakinta yake kallon nawa, ta gaishe ni ta ce ya maigida. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji na ce lafiyarsa ƙalau. Daga nan abin ya zame mini jiki. In aka ce ba a ganinsa, in ce da sassafe yake fita. In aka ce a gaishe shi, in ce zai ji. Shekara biyu ke nan ina amsa wa mamaci gaisuwa. Ban da Memuna, ba wanda ya san ya rasu. Iya Wasila takan zubo mini tuwo malmala huɗu ranar Juma'a, ta ce biyu nasa ne. Nakan ajiye nasan a gefen tabarma inda ya saba zama, har ya huce. Na san ba daidai ba ne, amma ɗakin yakan rage girma.

Wata Talata da tsakar rana, lokacin da kusan kowa yana wajen aiki, wasu mutum uku suka zo da kyamara daga wata tashar Hausa ta tauraron ɗan'adam. Suka ce wa mai gadi shiri za su yi kan alherin masu waƙafi. Ya bar su suka hau. Bayan wata biyu shirin ya fito.

Anti, na kalli barandar da nake bi kullum, na kasa gane ta. Fitilunmu farare ne, a shirin sun koma kore-kore mai duhu. An sa wani kiɗa a ƙasa-ƙasa kamar bugun zuciya. Kyamarar tana tafiya a hankali kamar mai sanɗa, wata murya tana cewa wai nan ne matattarar 'yan Arewa da suka bar gida da sunan neman halal. Sai kyamarar ta tsaya a lamba sha huɗu. Takalman maza ƙafa bakwai a jere a ƙofata. Tattaro na maƙwabta suka yi suka jera, na Ɗalhatu a tsakiya. Muryar ta ce wai mace ɗaya ce tal a ɗakin nan, mai kallo ya ƙirga da kansa. Sannan ƙofar ta ɗan buɗe daga ciki, kamar faɗin tafin hannu, ba a ganin komai sai duhu. Ni kuwa ranar ina ofis, makullina yana cikin jaka.

Tun daga nan gidan ya canza. In aka tambayi mutanenmu inda suke zaune, sai su ce kusa da tashar jirgin ƙasa ta metro. An sallami malamar nan 'yar Sudan daga gidaje biyu da take koyar da yara. Baƙi 'yan sari suna tsayawa a ƙofar benen su ɗauki hoto da waya su wuce. Wata Hajiya da na yi shekara uku ina ɗaure wa kaya ta janye buhunta daga hannuna ta ce a kira mata wani. Ni kaina in na hau matakala yanzu sai in ji kiɗan nan a kunnena, in ga fitilun kamar sun yi kore.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Na Kano ne ya fi ƙarfina. Labaran ya turo mini guntun shirin, ya ce yarinyar ɗan'uwansa ba za ta tashi a hannun dangin mace irina ba, in mahaifiyata ta hana, kotu za ta raba su. Hajiya Turai kuwa ba maganar mazan ta yi ba. An ce tana ganin takalman ta ce a tsayar da hoton. Ta matsa ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai dunduniyar nan ta hagu, ta ce Ɗalhatu yana ciki. Yanzu kullum bayan azahar sai an kunna mata, tana jiran inda ƙofar take buɗewa. Ba ta ɗaukar wayata. Saƙo ɗaya ta aika ta bakin mahaifiyata, wai a tambaye ni ko da gaske an binne shi.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Makonni uku ke nan in na dawo daga aiki da la'asar nake tarar da takalman an juya su suna kallon waje, an goge ƙurarsu. Haka nake juya masa su kowace safiya lokacin yana raye, in zai fita. In mayar da su, gobe in sake tarar da su a juye. Ranar Asabar Iya Wasila ta ce mini ai jiya ta hango maigidan a ƙarshen baranda zai sauka, dogo, yana ɗan jan ƙafar hagu, ta yi masa sannu bai ji ba. Ban taɓa gaya mata yana jan ƙafa ba. Na shiga ɗaki na zauna a ƙasa har aka kira magariba.

Ni ba jahila ba ce, na san wanda ya tafi ya tafi. Amma sau fiye da arba'in na kalli ƙofar nan tana buɗewa, ina leƙen duhun kamar yadda Hajiya take yi. In na ɗauke takalman, gani nake na kore shi, kuma maƙwabta za su ce shirin ne ya kashe mini aure. In na faɗi gaskiya, na zama maƙaryaciyar shekara biyu, wa zai yarda da ni a kan sauran? Wata zuciyar ta ce in tashi daga gidan, wata ta ce in ajiye aikin in koma. Ni dai kada a raba ni da 'yata saboda abin da ban aikata ba. Ya zan yi?

Mai ɗaki na sha huɗu, Al Ras, Dubai.

AMSA

'Yar'uwata, Allah ya ji ƙan Ɗalhatu, ya ba ki haƙuri. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma sai da na waiga na dubi ƙofar ofishina. Yanzu mu kunna fitila mu duba abubuwan nan ɗaya bayan ɗaya.

Ƙofar da ta buɗe ba taki ba ce. Ban je gidanku ba, amma na san yadda ake haɗa irin shirin nan. A ɗauki lambar wannan ɗaki, a ɗauki wata ƙofar a wani hawa ana turo ta, a manna su, a zuba kiɗa. Mutanen da suka iya tattaro takalman bayin Allah suka jera, turo ƙofa ba zai gagare su ba. Ki sake kallo sau ɗaya, da rana, Memuna na gefenki, ki duba ko lambar tana jikin ƙofar a daidai lokacin da take buɗewa, ki duba hannun ƙofar da fentinta. Daga nan ki goge shi daga wayarki. Sau arba'in ya isa.

Juya takalmi kuwa, ina zargin hannun tsohuwa ne. Matar da take zuba wa maigidanki tuwo, ta ga an ci mutuncinsa a talabijin, ba abin mamaki ba ne ta riƙa goge masa takalmi tana juya masa don girmamawa, kamar yadda aka tarbiyyantar da ita. Wanda kuma ya riƙe takalmin nan a hannu ya san mai shi dogo ne, ya san yana jan hagu. Shekara biyu kina gaya mata akwai mutum a ɗakin, dole wata rana idonta ya samo mata shi a cikin masu wucewa. Ki tambaye ta. In ta ce ba ita ba ce, Allah ne masanin gaibu, ki riƙe azkar ɗinki, amma shawarata ba za ta canza ba.

Ga wadda ba za ta yi miki daɗi ba. 'Yan talabijin sun zalunce ki, sun zalunci duk mutanen gidan, domin sun iso da labarinsu a aljihu tun kafin su hau matakala, kuma sun san masu kallo sun daɗe da yanke wa irin gidajen nan hukunci. Ke kanki kin ce kin taɓa zama cikin masu kallon. Amma ki lura, ke kika fara shirya hoto a ƙofar nan. Kin ajiye takalmi don mai wucewa ya gaskata abin da babu. Dalilinki mai kyau ne, ban ga laifin mace ta tsare kanta ba. Sai dai abin ya wuce tsaro tun ranar da kika fara ajiye masa tuwo. Kin fita takaba a ƙirgen kwanaki, zuciyarki ba ta fita ba.

Labaran ya yi gaggawa, ya kuma yi miki mummunan zato a kan abin da bai bincika ba. Duk da haka kada ki ɗauke shi maƙiyi. Baffan yarinya ne, an nuna masa abin tsoro, ya tsorata. A iya sanina, riƙon yarinya yana wajen uwa, sannan kakarta ta wajen uwa, kuma ba a ƙwace shi da guntun hoton da aka yi wa kwaskwarima. Mahaifiyarki ta samu malamin da ya san shari'a tun yanzu, kada a jira ranar hutu. Ku kuma a can, takalma ƙafa shida suna da masu su. Ku taru ranar da ba aiki, da rana tsaka, kowa ya riƙe nasa a ƙofar ɗakinsa ya faɗi sunansa da sana'arsa, mai gadi ya faɗi abin da aka ce masa, Memuna ta ɗauka da waya. Ku aika wa tashar tare da takardar ƙorafi, ku aika wa masu kula da waƙafin, ki aika wa Labaran. Kada ki tashi daga gidan, kada ki ajiye aikinki. Tashi yanzu sa hannu ne a kan abin da suka faɗa, kuma ba ki aikata abin gudu ba.

Kafin wannan, ki shiga ɗakin Iya Wasila ki zauna ki gaya mata mijinki ya rasu. Za ta yi salati, wataƙila ta yi miki faɗa, sannan ta yi kuka tare da ke. Kin hana kanki ta'aziyyar maƙwabta shekara biyu, ki bari su yi miki. In har kina buƙatar takalmi a ƙofa, na kasuwa ma yana aiki.

Na bar Hajiya a ƙarshe don ita ce mabuɗin maganar. Kin lura ba ta zarge ki da komai ba? Mutum bakwai aka ce ta ƙirga, ita ɗaya ta gani. Uwa ce da aka gaya wa mutuwar ɗanta a waya, ba ta ga likkafani ba, ba ta ga ƙasa ba, sai ga takalmin da ta sa aka ɗinka masa a bakin wata ƙofa, ƙofar tana buɗewa. Tambayar da ta aiko miki ba zagi ba ce, da gaske take tambaya. Ki nemo mutumin da ya sa Ɗalhatu a kabari da hannunsa, ya kira ta ya gaya mata ranar, da wanda ya yi masa salla, da inda aka kwantar da shi. Ki sani kuma takalman nan gado ne, tana da haƙƙi a cikinsu, Murjanatu ma haka. Ba naki ba ne ke kaɗai.

Ki nemi hutun mako guda ki je Kano kafin makaranta ta tashi. Na san aikinki kago ne, amma kada ki kuskura ki sa takalman nan a buhu ki rubuta suna. A jakar hannunki za su tafi. Ki ɗauki Murjanatu, ku je gidan Hajiya da kanku, ki durƙusa ki gaya mata duk abin da kika gaya mini, har da tuwon. Wadda ta ji wannan daga bakinki ba za ta bari a taɓa miki 'ya ba, kuma Labaran ba zai tsallake maganar mahaifiyarsa ba.

Shekara biyu takalman nan suna tsaye a waje suna gadinki, sun yi iya nasu. In kin isa, ki ajiye su a bakin ƙofar ɗakin Hajiya, kawunansu suna kallon ciki, ki bar ta ta ɗauka da hannunta.

Allah ya kai ki lafiya, ya wanke ki, ya raya Murjanatu a gabanki.

Anti Barira